Lantana Mai Rarrafe a Unguwar da Ake Ɗaure Raguna

A Agege da ke Ikko, ƙasar da aka bari tsirara ba ta zama wuri ɗaya. Da ruwan Yuni ya tsuge, jar ƙasar ƙofar gida sai ta bi ruwa ta cika kwata, maƙwabcin da ke gangare ya kwana yana kwalfar ruwa daga ɗakinsa. Yawancin masu gidaje siminti suke shafewa su huta. Ni kuwa ɗan zirin da ke jikin katangarmu lantana mai rarrafe na shuka a kai, kuma har yau ina ganin ta fi siminti: tana riƙe ƙasa, tana barin ruwa ya nutse, ba ta kuma tara zafin rana ta huro wa mutum da dare.

Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Uruguay da Ajantina da kudancin Brazil, masana kuma suna kiranta Lantana montevidensis. Da wuya tsayinta ya wuce gwiwa, amma rassanta kan yaɗu fiye da mita 1, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai danshi sai ta kafa saiwa. Furenta ƙanana ne a dunƙule, ruwan shunayya, akwai kuma fari. Ana samunta cikin leda wurin masu sayar da furanni a bakin titunan Ikeja. Sai dai a duba da kyau, don 'yar uwarta mai tsayi da ƙaya, mai fure ja da rawaya, ita ma lantana ce, kuma kurmi take zama.

Mai rarrafen rana take so, aƙalla awa 6 a yini. Ɓangaren da inuwar benen maƙwabta ke rufewa a wurina ganye kawai yake yi, da damina kuma wata farar ƙura ta kan hau ganyen.

Batun ruwa ne ya fi ba mutanenmu wuya. Wanda ya taso a Kano ko Katsina ya saba da cewa ƙishirwa ce ke kashe shuka, shi ya sa hannunsa ba ya rabuwa da bokiti. A Ikko kuwa ruwa na zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma idan ya kwanta a gindin lantana saiwarta ruɓewa take yi. Na tuda wurin da kamu guda, na cakuɗa ƙasar da yashi, na bar tazarar santimita 60 tsakanin kowane dashe. Ban-ruwa na makonnin farko ne. Bayan ta kama, sau ɗaya a mako da hunturu ya ishe ta. Taki ma kaɗan, don idan kashin kaji ya yi yawa sai ta tafi ga ganye ta bar fure. Nakan rage mata kai da almakashi idan ruwa ya tsagaita, da safar hannu, domin ganyen na sa wasu ƙaiƙayi. Bayan 'yan makonni ta sake cika, malam-buɗe-littafi ya yi ta kai da komo a kanta.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan unguwa ta dabbobi ce. Ga mahauta da kasuwar shanu a Oko-Oba, ga awaki a lungunan Zango, da babbar Sallah ta matso kuma kusan kowace ƙofa akwai rago a turke. Lantana mai tsayi tana ɗauke da gubar da ke lalata hantar shanu da tumaki da awaki: dabba ta daina ci, ta kasa kashi, idonta ya yi rawaya da shawara, fatarta ta riƙa saɓulewa idan rana ta dake ta, musamman inda gashi yake fari. Mai rarrafen ma cikin masu guba ake lissafa ta. Dabbar da ta saba da wuri takan guje mata saboda warinta. Wadda ke faɗawa ita ce baƙuwa, irin ragon da ya sauko daga tirela bayan doguwar tafiya daga Arewa, da yunwa, bai san ciyawar nan ba. Mutum ya tara kuɗin shekara ya sayi abin layya, ba daidai ba ne furen ƙofata ya yi masa asara. Na kewaye zirin da waya, turke kuma nesa da inda igiya za ta kai. Idan rago ya ci, a kai shi inuwa a kira likitan dabbobi nan take, kada a jira alamu su bayyana. 'Ya'yan lantanar kuwa, idan ta yi, nakan tsinke su tun suna ɗanyu saboda yara.

Abin da na datse ba na zubarwa a kwata ko a gefen layin dogo, sai na shanya shi a kan siminti ya bushe ƙarau. A jihar Queensland ta Ostareliya, wannan mai rarrafen ta tsere daga lambuna ta mamaye makiyaya, ta danne ciyawar shanu. Shi ya sa idan 'yan uwa masu komawa gida suka roƙi iri, nakan fara tambaya ko akwai dabba a gidan. In akwai, ina hana su. In babu, na ba su reshe biyu a leda, da sharaɗin a tukunya za a dasa, a cikin gida, ba a gona ba.