Daren da Na Ji Kunya a Yamai

Zo in ba ka labarin wani dare da na yi a Yamai.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gazawa. Babana makaɗin gurumi ne. Da ƙuruciyarsa ba a biki ko suna a karkararmu sai da shi. Amma ni ban gaje shi ba. Yara suna ce mini ɗan maroƙi, abin yana yi mini zafi. Da na girma, sai na hana ɗana taɓa gurumin kakansa. Na ce masa ya riƙe hauya, roƙo ba sana'a ba ce.

Bara, bayan mun gama girbin hatsi, ƙanena da ke aiki a Yamai ya aiko mini da kuɗin mota. Muka bi ta Agye, Maraɗi, Gidan Rumji, Ƙonni da Doso. Tafiyar ta fi kilomita 700.

Ran nan da dare ya ce mini: "Yaya, tashi mu je kallon kiɗa." Ya kai ni wani babban gida a bakin kogin Isa, kusa da gadar Kennedy. Ana ce masa Palais des Congrès. A bakin ƙofa aka ba mu takardu masu lamba. Ni da kaina na karanta lambata, na nemo kujerata. Ka ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Ciki kuwa, kujeru jere bisa jere kamar kunyoyin gona. Fitilu sun haske ko'ina. Ga mutanenmu, ga baƙi daga ƙasashe, ga Turawa.

Aka rage fitilu. Wani mutumin Mali ya fito da molonsu da ake kira kora, mai tsirkiya 21. Bayansa samarin Agadas suka kaɗa gita. Ka san yadda muke yi a gida: ana kiɗa, ana hira, ana liƙa kuɗi. A can ba haka ba ne. Kowa ya biya tun daga ƙofa, ya zauna shiru. Sai an ƙare waƙa ake tafi.

Can sai wani dattijo ya fito shi kaɗai. Me ke hannunsa? Gurumi! Irin na babana sak. Gabana ya faɗi. Na ce yau za a yi mana dariya.

Ya fara kaɗawa. Zauren nan ya yi tsit, ko tari babu. Da ya gama, mutane duka suka miƙe tsaye suna tafi, har waɗanda ba su jin Hausa. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Abin da na raina a gidanmu, shi ake girmamawa a nan.

A hanya ƙanena ya ba ni labarin Malam Mamman Barka. Malamin makaranta ne, kuma gwanin gurumi. A bakin tafkin Cadi, Buduma suna da wani abin kiɗa mai suna biram. Siffarsa kamar kwalekwale, tsirkiyarsa 5. Masu kaɗa shi sun ƙare, saura tsoho guda, Bukar Tar. A 2002 Malam Barka ya je can, ya zauna gabansa ya koya. Daga baya ya kai biram har ƙasashen Turai. Allah ya yi masa rasuwa a 2018. Ƙanena ya ce: "Yaya, da bai je ba, da kiɗan ya bi tsohon kabari."

Daren nan ban yi barci ba. Babana ya tsufa, hannunsa har ya soma rawa.

Da na koma gida, na sauko da gurumin daga rataye, na kakkaɓe ƙura. Na kira ɗana, muka durƙusa gaban tsoho. Na ce: "Baba, na yi kuskure. Ga jikanka, ka koya masa." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa.

Yanzu yaron yana zuwa gona da safe, da dare yana koyo. Ni kuma ina zaune gefe da littafina. Ina rubuta waƙoƙin Baba ɗaya bayan ɗaya, da sunayen mutanen da ya yi wa.

To, kai fa? A garinku akwai tsoho mai goge, ko kalangu, ko gangar noma? Wa yake koyo wurinsa? Ka iya rubutu yanzu. Ɗauki littafinka ka je ka gaishe shi tun yana da rai.

Allah ya ba mu damina mai albarka.