Masu Rai a Cikin Duhun Kogo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar, tsakanin Madawa da Buza da Kaita, ya san cewa dutse maƙwabci ne. Muna noma a gindinsa, muna kiwo a kansa, muna jera shi a gona don tare ruwa. Abu ɗaya ne muke kauce masa, wato kogunan da ke buɗe baki a ƙarƙashin jan dutsen da ya rufe tuddanmu. A yarintarmu a Dewule an gaya mana cewa kogo gidan kura ne da iskoki, babu abin da ke ciki sai duhu da jemagu.

Na taɓa raka wani dattijo zuwa bakin irin wannan kogo a tsakiyar rani, domin ya ɗebi kashin jemage ya kai wa gonarsa ta albasa. Da muka sunkuya ciki sai wani ƙamshi ya tarbe ni, irin wanda ƙasa ke yi ranar ruwan farko, alhali an yi wata biyar ba a ga ɗigon ruwa ba. Na ce, "Baba, daga ina wannan ƙamshi?" Ya ce, "Yaro, ƙasar nan ba ta mutu ba, barci take yi." Sai da na shiga aikin koyarwa na tarar masana kimiyya sun gaskata maganarsa. Ƙamshin nan wani sinadari ne mai suna jiyosmin, wanda wasu bakteriyar ƙasa da ake kira Streptomyces ke fitarwa, kuma danginsu na cikin waɗanda aka fi samu a ƙasar koguna, inda inuwa ke adana ɗan laima.

Mai karatu zai tambaya, me waɗannan halittu ke ci a wurin da rana ba ta shiga, ciyawa ba ta tsirowa? Wasu na rayuwa da abin da jemage ya zubar da abin da ruwa ya kwaso daga sama. Wasu kuwa ƙarfinsu na fitowa daga ma'adinan dutse, kamar ƙarfe da farar wuta. A shekarar 1986 aka gano kogon Movile a ƙasar Romaniya, wanda ya yi fiye da shekara miliyan 5 a rufe, amma aka iske shi cike da ƙananan halittu, dukansu sun dogara ga bakteriyar da ke haɗa abinci ba tare da haske ba.

A Amurka kuma akwai kogon Lechuguilla. A shekarar 2012 masu bincike suka bayyana cewa bakteriyar da suka ɗebo daga wani sashe nasa, wanda ya yi shekara miliyan 4 a keɓe, na iya jure wa yawancin magungunan kashe ƙwayoyi da asibitoci ke amfani da su. Dalili shi ne, inda abinci ya yi ƙaranci gasa takan yi tsanani, sai kowace ƙwaya ta ƙera makamin kashe abokiyar hamayya da garkuwar kare kanta tun kafin a yi likita. Daga irin waɗannan makamai ɗan Adam ya samu magani. Alal misali, daga bakteriyar ƙasa Albert Schatz da Selman Waksman suka fitar da streptomycin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A nan ne abin ya shafe mu, mu malamai. A aji kalma ɗaya muke ba yara, wato "ƙwayoyin cuta", sai yaro ya tashi yana ganin duk abin da ido ba ya gani maƙiyi ne. Alhali giram ɗaya na ƙasa mai albarka na iya ɗaukar bakteriya har biliyan 1, kuma ƙalilan ne daga ciki ke jawo ciwo. Su ne ke ruɓar da kara ya zama taki, su ne ke zaune a saiwar wake da ta gawo suna jawo wa ƙasa abinci daga iska. Sa'ad da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, iyayenmu mata sun haƙa ramu sun jera duwatsu a kan fako. Ruwa da ganye suka tara, amma waɗannan ƙwayoyi ne suka mai da su ƙasar noma. Ina ganin sunan "ƙwayoyin rai" ya fi dacewa da su, a bar "ƙwayar cuta" ga mai sa cuta.

Wannan ba ya nufin a tura yara cikin kogo ba kariya, domin ƙurar kashin jemage na iya ɗaukar wata funfuna mai kama huhu. Shi ma kogon yana cutuwa da mu. Faransa ta rufe kogon Lascaux a 1963, saboda numfashin masu ziyara ya canja yanayinsa har gansakuka ta soma cin zanen mutanen da. Namu kogunan kuwa, mai fasa dutse da mai ƙona itace a bakinsu na iya shafe a yini ɗaya abin da ya daɗe yana taruwa.

Al'ummar da ke karanta Suratul Kahfi kowace Juma'a, ta kuma san darajar kogon Hira, bai kamata ta ɗauki kogo kufai ba. Roƙona ga ƙungiyoyin al'adu shi ne su zauna da tsofaffi su rubuta sunan kowane kogo da labarinsa. Malamai su gyara kalmar da suke koyarwa. Ɗalibanmu na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ma'aikatan INRAN kuma su ɗebi cokali guda na wannan ƙasa su duba abin da ke cikinta, tun dattawan da suka san hanyar kogunan suna raye. Allah ya ba mu ikon yi.