Injin Goyo ko Injin Ciki: Wane Jirgi Ya Dace da Wasan Zamiyar Ruwa?

Wasu abokaina huɗu da aiki ya zaunar da su a Legas sun haɗa kuɗi za su sayi ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, kuma babban abin da suke so da shi shi ne wasan zamiya, wato mutum ya ɗaura alluna biyu a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi ya ja shi a saman ruwa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma a cikin masu hawa har da 'ya'yansu. Gardamar da ta raba su gida biyu ita ce inda injin zai zauna. Biyu na son jirgi mai injin da ake ratayawa a baya, irin wanda duk wanda ya taɓa ƙetare Kwara a Yawuri ya sani, wanda zan kira injin goyo a nan saboda yadda jirgi ke ɗauke da shi a gadon baya. Sauran biyun sun kafe a kan jirgi mai injin ciki, wanda aka binne injinsa a tsakiya kamar na mota. Da yake na ɗan jima ina wannan wasa duk lokacin da hali ya yi, sai suka jefo mini tambayar.

Wasan kansa ya girmi jiragen da ake ƙera masa. A tsakiyar shekarar 1922 wani saurayi mai shekara 18, Ralph Samuelson, ya gwada shi a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota ta Amurka. Ya yanko katakai biyu masu tsawon kusan mita biyu da rabi, ya lanƙwasa bakinsu, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi. Bayan faɗuwa iri-iri ya gano sirrin da har gobe shi ake koya wa sabon shiga: ka jingina baya, ka bar bakin allunan a sama, ka ƙyale jirgi ya ɗaga ka. Bai yi rajistar ƙirƙirarsa ba, sai a 1966 aka amince a hukumance cewa shi ne uban wasan. Injin goyo kuwa ya riga shi zuwa. Ole Evinrude, haifaffen Norway mazaunin Milwaukee, ya fara sayar da nasa a 1909, ɗan ƙarami mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Jirgin da aka zana musamman domin jan ɗan zamiya bai bayyana sosai ba sai 1961, lokacin da kamfanin Correct Craft na Florida ya fito da Ski Nautique. MasterCraft ya biyo baya a 1968. Dukkansu masu injin ciki ne, kuma akwai dalili.

Dalilin farko yana kwance a bayan jirgi. Duk jirgin da ke gudu yana barin kunyoyi biyu na ruwa, kamar yadda garma ke yi a gona, suna buɗewa hagu da dama. Ɗan zamiya ba ya tsayawa a tsakiyarsu; daɗin wasan shi ne ya karkata ya yanke su, ya fita can gefe, ya juyo ya sake yankewa. Idan kunyar tana da tudu da tauri, kowace ƙetarawa duka ce ga gwiwa da ƙugu, allon ya yi tsalle, mutum ya rasa daidaito. Idan ta kwanta ta yi laushi, sai ya wuce kamar ba komai. Abin da ke yanke hukuncin tsayin kunya shi ne yadda nauyi ya rarrabu a jikin jirgi. Injin ciki na asali, yawanci mai silinda takwas irin na manyan motocin Amurka, yana zaune a tsakiya, ga ƙasan jirgin kusan a shafe yake, don haka jirgin yana tafiya a kwance, bai nutsa gindinsa ba. Farfelarsa tana can ƙarƙashin ciki, a ƙarshen wata sandar ƙarfe da ta fito daga inji a karkace. Injin goyo kuwa duk nauyinsa a wutsiya yake. Idan aka taka wuta, goshin jirgi yakan ɗaga sama na ɗan lokaci, gindin ya nutse, kafin ya daidaita. Wannan ɗan lokacin shi ne mafi wuya ga mai koyo, domin yana cikin ruwa har wuya yana jiran a tsame shi, kuma matuƙi ma goshin jirgin ya tare masa gani.

Ga wanda ke gasa, wannan bambanci shi ne komai. Filin gasar zamiya a kan allo ɗaya yana da tsawon mita 259, da ƙwallayen alama shida, uku a kowane gefe, kowacce tana nesa da layin tsakiya da mita 11.5. Jirgi yana bi ta tsakiya a miƙe, gudunsa bai wuce kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. Duk wanda ya zagaye shidan, sai a rage masa igiya: daga mita 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, zuwa 13, zuwa 12, zuwa 11.25, har ƙasa da haka. Mai karatu ya lura da lissafin. Daga 11.25 igiyar ba ta ma kai ƙwallon ba, sai ɗan wasa ya miƙe jikinsa ya cike giɓin da tsawon hannunsa. A irin wannan hali, jirgin da ya kauce da taƙi ɗaya ko ya rage gudu kaɗan ya ɓata wa mutum gasa. Shi ya sa jiragen gasa ke ɗauke da na'urar da ke riƙe gudu ta hanyar tauraron ɗan'adam, irin su Zero Off, kuma shi ya sa ba a ganin injin goyo a wannan fage.

Dalili na biyu shi ne wurin ɗaure igiya, kuma a ganina shi ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi. A jirgi mai injin ciki akwai turken ƙarfe a tsakiya, gaba kaɗan da inji, kusa da inda jirgin ke juyawa a kansa. A ƙasa kuma akwai wasu fikafikai na ƙarfe da ke riƙe shi a kan hanya. Ƙato mai kilo casa'in zai iya fizgar igiya daga gefe da dukkan ƙarfinsa, jirgin bai ko gezau ba. A yawancin jiragen injin goyo kuwa igiyar a wutsiya ake ɗaure ta, a ƙugiyoyi biyu da ke gefen inji. Wanda ya taɓa jan akuya ta ƙafar baya ya san abin da zai faru. Duk fizgar da ɗan zamiya ya yi daga dama, gindin jirgi zai bi shi, goshi ya karkata hagu, matuƙi ya yi ta kokawa da sitiyari. Na tuƙa irin wannan jirgi da wani ƙaƙƙarfan mutum a baya, bayan minti goma kafaɗuna sun fi nasa gajiya. Ana rage matsalar da kafa turke a gaban injin, wanda zai ɗaga igiyar sama da shi ya kuma matso da ita ciki. Ba ya kawar da ita gaba ɗaya, amma ga wasan iyali ya wadatar.

Sai maganar farfela, wadda ita ce ta fi damun mahaifiyar yaran da za su hau. Wasan zamiya rabinsa faɗuwa ne. Mutum ya faɗi, jirgi ya zagayo, ya miƙa masa igiya ko ya ɗauke shi, sau goma ko fiye a yini. A jirgi mai injin ciki farfela tana ɓoye a ƙarƙashi, nesa da dandamalin da ake hawowa ta kansa. A injin goyo tana nan a fili, tsayin hannu ɗaya daga tsani. Na sha hawowa ta wannan tsani, kuma ko da inji a kashe yake, ƙafa takan san akwai wuƙaƙe uku a kusa da ita. Ƙa'idar ba ta da sassauci: ba a barin inji a kunne, ko da giya tana sake, muddin akwai mutum a ruwa kusa da jirgi. Akwai kuma 'yar igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe inji idan ya faɗa ruwa. Tun Afrilun 2021 dokar tarayya ta Amurka ta wajabta amfani da ita a ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba. Mu da ba a tilasta mana ba, hankali ya isa ya tilasta mana.

Kada a ɗauka injin ciki ba shi da nasa haɗarin, sai dai nasa ba ya ganuwa. Salansarsa tana fitar da hayaƙi daidai ƙarƙashin dandamalin nan da yara ke son zama suna wasa da ƙafa a ruwa, kuma iskar kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi. An yi asarar rayuka ta haka, musamman masu riƙe dandamali jirgi na jan su a hankali. Na biyu, injin fetur ne a cikin rufaffen akwati. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Don haka ake kunna fankar da ke zuƙe shi na minti huɗu kafin a tayar da inji. Minti huɗu ba komai ba ne a takarda, amma a bakin ruwa, rana na dukan kai, yara na ihun a tafi, mutum nawa ne zai jira?

To, idan injin ciki ya fi kwantar da kunya, ya fi riƙe hanya, ya kuma ɓoye farfela, me ya rage wa injin goyo? Kusan duk abin da ya shafi rayuwar jirgi bayan an naɗe igiya.

Jiragen gasa an yi su ne domin tafkuna masu zurfi, masu ruwan daɗi, marasa tarkace, irin na Florida da Tennessee. Farfelarsu da sandarta da farantin juyawa duk a kafe suke a ƙasa, ba sa ɗagawa. Idan suka daki yashi ko kututture, sanda ta lanƙwashe, sai an fitar da jirgi gaba ɗaya daga ruwa kafin a san girman ɓarnar. Injin goyo ana danna maɓalli ya ɗago ƙafarsa, a ratsa ruwa mara zurfi, a kai jirgi har kan yashi, a cire leda ko ragar masunta da ta naɗe farfela da hannu. Ruwan Legas yana da gishiri, yana da tudun yashi da ke sauya wuri, yana da ciyawar da ke rufe shi a wasu watanni, ga shara. Injin ciki yana zuƙo ruwan da yake kai ne domin ya huce, kuma gishiri yana cin baƙin ƙarfen da ke cikinsa sannu a hankali, sai dai in an saka masa tsarin sanyaya na daban. Injin goyo ma yana son a wanke cikinsa da ruwan famfo bayan kowace fita, amma yana tsiyaye kansa, kuma ana iya ɗaga shi ya kwana a sama da ruwa. Wajen tuƙi a matsattsen wuri ma ya fi biyayya, domin dukkan injin ne ke juyawa ya tura jirgi inda ake so. Mai injin ciki idan aka sa shi baya, gefe ɗaya yake ja ko an so ko ba a so ba, kuma sabon matuƙi yakan koyi haka ne a jikin gadar da yake son tsayawa.

Sannan akwai bakanike. Daga gaɓar Legas har Kainji da Baga, injin Yamaha na goyo shi ne abincin yau da gobe na masunta da masu fito, kuma inda inji ya yawaita, can masu gyaransa da kayan gyaransa suke. Gaskiya ne manyan injuna na zamani masu kwamfuta sun fi ƙarfin mai gyaran bakin kogi, amma dillalansu na nan a ƙasa. Injin jirgin gasa kuwa, in wani ƙaramin abu ya lalace a giyarsa, sai a yi odar sa da dala, a jira jirgin sama, a biya kwastan, jirgin na zaune a kan tirela damina ta wuce. In injin goyo ya mutu murus, a kwance kusoshi a ɗora wani. Ko wannan ma yana son lura da suna: kamfanin da ya mallaki Evinrude ya daina ƙera shi a 2020, saboda haka arhar tsohon Evinrude a kasuwar 'yan gwanjo arha ce mai biyo da wahalar safaya.

Masu raina injin goyo su tuna cewa masu zamiya da tafin ƙafa, ba allo ba komai, waɗanda ke buƙatar gudun da ya haura kilomita 60 a awa, da yawansu shi suke so, domin a irin wannan gudu ana iya daidaita kusurwar injin har kunyar ta kwanta. Ƙungiyoyin nuna bajinta, masu hawa kafaɗun juna su yi dala a kan ruwa, sukan jera injin goyo biyu ko uku a jirgi ɗaya su ja mutane da yawa a lokaci guda. Masu sha'awar injin ciki kuma su duba da kyau kafin su biya, domin yawancin waɗanda ake tallatawa yau an mayar da injinsu baya ne da gangan, har da tankunan da ake cika wa ruwa don ƙara nauyi, saboda su tayar da ƙatuwar kunya ga masu tsalle da allo mai faɗi. Wanda ya sayi irinsa don zamiya ya sayi kishiyar abin da yake nema, da tsada kuwa. Akwai na uku da ke tsakani, wanda Volvo Penta ya fito da shi a 1959, inji a ciki ƙafa a waje. Ban sa shi a lissafin abokaina ba, domin ya haɗa wahalar gyaran wancan da buɗaɗɗiyar farfelar wannan.

Abin da na gaya musu ke nan. Babu ɗaya daga cikinsu da zai zagaye ƙwallo shida da igiyar mita 13. Za su yi zamiya ne a kan alluna biyu, a gudun kilomita 30 zuwa 40, na awa ɗaya ko biyu, sauran yinin kuma jirgin zai kai iyali Tarkwa Bay ya dawo da su. Ga wannan rayuwa na zaɓar musu jirgi mai tsawon mita biyar zuwa shida da injin goyo mai ƙarfin doki 115 zuwa 150, wanda ba a gauraya masa mai da fetur, a kafa masa turke, a sa masa farfelar da ta fi ƙarfin tashi a kan ta gudu, a nesanta tsani da inji gwargwadon iko. Rarar kuɗin da za ta saura a sayi rigunan hana nutsewa daidai jikin kowane yaro, da madubi babba ga matuƙi, a kuma biya wanda ya iya ya koya wa mutum biyu tuƙi. Kowace fita mutum uku ne mafi ƙaranci: mai tuƙi yana kallon gaba, mai lura yana fuskantar baya idonsa a kan wanda ke ruwa, sai mai riƙe da igiya.

Ɗaya daga cikin masu son injin ciki bai gamsu ba. Ya ce ya taɓa zamiya a bayan Nautique a wani tafki a Turai, kuma tun daga ranar duk wata kunya jin ta yake kamar tudun rage gudu a titi. Ban musa masa ba, domin na san abin da yake nufi. Uku sun rinjaye shi, ya sa hannu a kan sharaɗin cewa shi zai zaɓi turken.