Ba Kowane Kore Ba Ne Gansakuka

Jama'a, bari in ba ku labarin yadda ɗan tsiron da bai kai girman kwabo ba ya kusa jawo min maimaita kwas.

A firaktikal ɗin Botany aka ce kowa ya kawo liverwort, ya rubuta sunansa da hujja, maki 20. Na ce wannan ai banza ce. Na kankaro gansakuka a bakin rijiyar gidanmu a Agege, na rubuta Marchantia, don shi na haddace a littafi, na hau danfo na tafi. Malama ta ɗaga, ta juya, ta ce: "Ina kofunan?" Na yi tsuru-tsuru. Ta ba ni kwana 7.

Matsalar kuwa, mu a gida duk koren da ke lafe a wuri mai laima gansakuka muke ce masa. Ashe kowane da kamanninsa. Moss yana da ɗan kara da ƙananan ganye. Irin liverwort ɗin da ake nema kuwa shimfiɗe yake, mai leɓatu kamar hanta, daga nan ma sunan ya samo asali. In ka ga 'yan kofuna zagayayyu a bayansa, Marchantia ne. In kofunan kamar jinjirin wata suke, Lunularia ne.

Ranar Asabar bayan an ɗauke ruwa, ina durƙushe a bayan masallacin layinmu da gilashin ƙara girma, sai wani dattijo ya tsaya a kaina: "Ɗana, me ya ɓace maka?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Ikon Allah! Wannan Alhaji yake biya wa kuɗin makaranta?" Wallahi ta shige ni, don ko Baba ya taɓa tambayata haka.

Amma a nan na same shi, manne da danshin ƙasa: a zagaye, kowane reshe ya rabu biyu, da ɗan kwari a tsakiya, babu kofi ko ɗaya. Na so in sake rubuta Marchantia don ya fi suna. Na daure na rubuta abin da idona ya gani: Riccia. Na samu 16.

Washegari dattijon ya tare ni da ɗanyen ɓawon ƙasa a tafinsa: "Duba min, wannan mai kofin ne?"

'Yan ajin farko, in an kawo ku wannan kwas, ku duba kafin ku rubuta. Waye cikinku ya taɓa ganin mai kofi a Kano ko Zariya? Ina cigiya.