Jarin Baƙo

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da dare, rana na fitowa ta bushe, kaba kuwa tana nan da saiwarta. Duk wanda ya bar garinsu ya tafi wata ƙasa neman abinci ya san wannan zance a jikinsa. Ni mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye kusa da Galmi, amma na daɗe zaune a Akra, babban birnin Ghana, ina aikin katikis a wata ƙaramar ikkilisiya ta masu jin Hausa. Abin da ikkilisiya take ba ni ba ya riƙe iyali, shi ya sa na shiga cinikin albasa. Samari sukan zo daga gida su ce, "Malam, nawa zan tara kafin in soma?" Nakan ce musu akwai tambayar da ta riga wannan, wato, wa zai tsaya maka?

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san haka. Falke ba ya sauka a Salaga sai yana da maigida a zango, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in za a ba shi bashi. A cinikin albasa ma haka na tarar. Manyan motoci suna kawo buhuna daga Nijar, ana sauke su, yawanci kuwa bashi ake ɗauka a kan maganar baki kawai.

Da na iso, na ji tsoro, gama masu albasa kusan duka Musulmi ne, ni kuwa Kirista. Amma wani dattijo Alhaji, mutumin wajen Tawa, ya tambayi ƙauyenmu da sunan mahaifina, har ya sami wanda ya san gidanmu. Bayan 'yan makonni ina taya shi sauke kaya, sai ya ba ni buhu biyu. Ya ce, "Ɗana, na san ba ka fitowa ran Lahadi. Lahadi taka ce, amma ranar biya tawa ce." Na ce, "To, Baba." Ranar biya ta zo, na kai masa kuɗinsa cif. Buhu biyu suka zama biyar, biyar suka zama goma. Jarina na fari ke nan: amanar wani mutum.

Maigida kaɗai bai isa ba, sai da ɗan gari. A shekarar 2013 Ghana ta yi dokar da ta keɓe wa 'yan ƙasa sayarwa a rumfar kasuwa da talla da ƙananan ciniki irin wannan. A 2019 da 2020 an rufe shagunan baƙi da dama a Kumasi da Akra, yawancinsu na 'yan Nijeriya. Ni dai wata uwa ce a ikkilisiyarmu, 'yar ƙasa mai rumfar kanta, take saye a hannuna tana kasawa. Ita ta koya mini ƙirge da gaisuwa da harshen Tuwi, ta nuna mini wanda ake ba bashi da wanda ba a ba shi. Ta ci riba, ni ma na ci. Baƙon da 'yan gari suke amfana da cinikinsa, in rigima ta taso, yana da masu yi masa magana.

Kada kuma ɗan'uwa ya raina takardu. Dattawan zango ba su manta da shekarar 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Mutane suka bar shaguna da gonaki. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi ita ma, da yawansu 'yan Ghana. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan yankin izinin shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, amma a watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. Abin da aka yarda da shi bara, bana ana iya sake shi. Saboda haka ka nemi takardarka tun ana zaman lafiya.

Sai batun kuɗi. Albasa da sefa ake sayenta a gida, da sidi ake sayar da ita a nan. Sefa tana ɗaure da yuro, sidi kuwa yana hawa yana sauka. A 2022 sidi ya faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekara. Mutum ya sayar da kaya yana murna, ya je canji, ya tarar uwar kuɗin ma ba ta dawo ba. Ga shi albasa ba ta jira, zafi da laima suna ruɓar da ita. Don haka nakan rubuta kome a littafi, in lissafta riba da sefa, in cire jari gefe kafin in aika wa 'yan gida. Kuɗin baiko kuwa ba ya kwana aljihu ɗaya da kuɗin albasa.

A 2021 hukuma ta tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari. Wuri ya tafi a rana ɗaya. Waɗanda suka miƙe da sauri su ne waɗanda masu saye suka bi su har can, domin an san mudunsu da maganarsu.

'Yan'uwa, a nan ikkilisiya take da aiki. Akila da Biriskila baƙi ne a Koranti, an kore su daga Roma, duk da haka suka karɓi Bulus a gidansu, suka yi sana'ar ɗinkin alfarwa tare. Yaron da ya sauka a tasha da jaka ɗaya, nasiha kaɗai ba za ta ciyar da shi ba. Yana bukatar ɗaki na 'yan kwanaki, da wanda zai kai shi gaban mai kaya ya ce, "Na san shi, ku ba shi." Mu da aka tsaya mana, bari mu tsaya wa na bayanmu.