A Singafo Na Ga Yadda Ake Tallar Ruwan Famfo

Aiki ne ya kai ni Singafo, amma ruwa ne ya ɗauke mini hankali. Daga filin jirgin Changi ɗan yayata da ke karatu a can ya wuce da ni masaukinsa. Da na nemi ruwan sha, sai ya tara kofi a famfon kicin ya miƙo mini. Ya ga na tsaya ina duban kofin, ya ce, "Kawu, sha abinka. Nan kowa shi yake sha." Ga mutumin da ya saba da fiya wata da kurar 'yan garuwa, wannan magana ta isa a bi diddiginta.

Singafo tsibiri ne da bai kai murabba'in kilomita 750 ba, mutanensa kuwa sun haura miliyan 6. Ruwan sama na sauka sosai, filin tara shi ne babu. Tun kafin ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1965 take sayen ruwa daga jihar Johor ta Maleshiya, bisa yarjejeniyar 1961 da ta 1962. Ta farko ta ƙare a 2011, ta biyu za ta ƙare a 2061. Hukumar ruwan ƙasar, PUB, ta dunƙule wa jama'a wannan dogon lissafi a magana guda da ko ɗan firamare zai riƙe, wato famfuna huɗu na ƙasa: ruwan sama da ake tarawa, ruwan Johor, ruwan teku da ake cire wa gishiri, sai kuma NEWater.

Wannan na ƙarshen ne ya kai mu unguwar Bedok, cibiyar baƙi da hukumar ta buɗe a 2003. NEWater ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne a gidaje, har da na bayan gida, aka sake tace shi. Babu hajar da ta fi wannan wuyar talla, domin ƙyama ba ta jin lissafi. Hukumar ba ta ɓoye asalin ruwan ba, ƙofa ta buɗe. Mun bi ayarin 'yan makaranta a wata doguwar baranda, injuna na aiki a bayan gilashi. Jagorar ta nuna mana wasu siraran zaruruwa masu rami a ciki, waɗanda ke tsare datti da ƙwayoyin cuta. Daga nan a tura ruwan da ƙarfi ta cikin wata fatar tacewa da ko gishiri da ƙyar yake ratsa ta, sannan a haska masa fitila mai kashe sauran ƙwayoyi. Ta kuma faɗi gaskiya cewa yawancin ruwan masana'antu ne ke ɗauka, lokacin rani ne ake zuba wani a madatsun ruwa, ya gauraya, a sake tace shi kafin ya iso famfo. Da aka gama aka miƙa wa kowa gora. Yaran suka kafa kai, ni ma na sha. Gani ya kori ji.

Shugabanni ne suka fara sha kafin a ce wa talaka ya sha. A bikin ranar ƙasa na 2002 an raba gora 60,000, Firaminista Goh Chok Tong ya ɗaga tasa ya sha a gaban jama'a.

Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Sultan da ke Kampong Glam. A wajen alwala tambayar da duk Musulmi zai yi ta faɗo mini: ruwan da asalinsa najasa ce, yana tsarkakewa? Ashe an riga ni. Kwamitin fatawa na majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, MUIS, ya duba yadda ake tace ruwan, ya yanke cewa mai tsarki ne, ana sha, ana alwala da shi. Musulmi 'yan tsiraru ne a Singafo, duk da haka ba a tsallake damuwarsu ba. Wannan ya fi kowane allon talla tasiri a zuciyata, domin an je wa mutane ta bakin waɗanda suka yarda da su.

Da la'asar ɗin Asabar muka nufi Marina Barrage, madatsar da aka buɗe a 2008 a bakin teku, tsakiyar birni. Tana tare ruwan gishiri, tana tara na sha, tana rage ambaliya. An shimfiɗa ciyawa a rufin gidan injunanta, iyalai sun baje tabarmi suna cin abinci, yara na guje-guje. Wanda ya yi wasa a bakin ruwan da zai sha, da wuya ya jefa masa shara. A jikin alluna ga Water Wally, ɗigon ruwa shuɗi mai murmushi da hukumar ta ƙirƙiro a 2005 don yara. A kantuna kuma kan famfo da injin wanki suna ɗauke da tambari mai nuna yawan ruwan da suke ci. Abin ya yi aiki: ruwan da mutum guda ke amfani da shi a gida ya sauko daga lita 165 a rana a 2003 zuwa 141 a 2018.

Duk wannan ado yana da tushe: ka buɗe famfo, ruwa ya zo, kuma mai kyau. Da babu wannan, da gora da zane da biki sun zama abin dariya. To amma akwai abin da biranenmu za su iya ɗauka tun kafin bututu ya isa kowane lungu. A riƙa sanar da mutane ta rediyo ranar da ruwa zai zo unguwarsu, in an samu matsala a faɗi dalili da ranar gyara. A kai 'yan makaranta matatar ruwa irin ta Tamburawa da ke Kano su ga yadda jan ruwan kogi yake komawa garau. A gayyaci limamai da masu unguwanni su ga gwajin ingancin ruwa da idonsu, sannan su yi wa jama'a bayani. A amsa wayar wanda ya kira ya ce bututu ya fashe, a kuma je. Kuɗin waɗannan bai taka kara ya karya ba. Hukumar da ta cika ƙaramin alkawari sau da yawa, ita ce jama'a za su saurara ranar da ta ce a biya kuɗin ruwa.