Teburin Makiyayan Bask a Reno

A watan Maris na 2010 aka yi babbar gasar kartar birij ta Arewacin Amurka a birnin Reno da ke jihar Nebada. Lokacin ina karatu a Amurka, sai wani dattijo maƙwabcina, wanda shi ya koya mini wasan, ya ce in zo mu je tare. A irin wannan gasa ba a sa kuɗi, maki ake tarawa. Mutum huɗu ke zama, bibbiyu, kowa da kati 13 daga cikin 52, kuma katin da kuka buga shi ake kai wa teburin gaba. Saboda haka hankali ke aiki fiye da sa'a. Doka ta hana ka ko ƙyafta wa abokinka ido. Haka muke yini cikin ɗaruruwan mutane, kowa ya haɗe rai, ba mai ce wa wani ci kanka.

Wata rana da yamma, bayan mun tashi a gajiye, dattijon ya ja ni zuwa gidan abincin Louis' Basque Corner, wanda aka buɗe tun 1967. Ba a tambaye mu inda muke son zama ba. Wani dogon teburi aka nuna mana, muka kutsa tsakanin mutanen da ba mu taɓa gani ba. Aka dire babban kwanon romo a tsakiya, kowa ya zuba wa na kusa da shi kafin ya zuba wa kansa. Sai burodi, sai salak, sai wake, sai soyayyen dankalin Turawa tuli guda. Na shaida wa mai kawo abincin cewa ni Musulmi ne, nan take ta nuna mini kwanon da ke da naman alade, ta kuma janye giya daga gabana ba tare da wani tsegumi ba. Naman rago na ci, mai tafarnuwa, da jelar sa wadda ta dahu har tana sakin ƙashi.

Kafin a kwashe kwanuka na gane cewa matar da ke miƙo mini burodi ita ce ta lallasa mu da rana. Ta yi dariya, ta shiga bayyana mini yadda ta karanci katina.

A bakin dattijon na ji asalin wannan tsari, wanda al'adar mutanen Bask ce. Ƙasar Bask tana yammacin duwatsun Firinis, tsakanin Sifaniya da Faransa, kuma harshensu Euskara ba shi da dangi cikin harsunan Turai. Tun daga rabin ƙarshe na ƙarni na 19 samarinsu ke zuwa yammacin Amurka kiwon tumaki. Mutum kan yi watanni a kan dutse, daga shi sai karensa da garke, har wasu kan sassaƙa sunayensu a jikin bishiyoyi don kewa. Idan sanyi ya shigo sai su gangaro masaukan 'yan uwansu a garuruwa irin su Reno da Elko. Mai masauki shi ne tafinta, shi ke ajiye wasiƙu, shi ke nema wa sabon zuwa aiki. A buga ƙararrawa, kowa ya hallara a teburi ɗaya, bayan an ci a ɗauko kartarsu ta gargajiya mai suna mus. Duk wanda ya san yadda maigida a zangon Kumasi ke karɓar fataken goro zai gane wannan rayuwa.

Dokar kiwo ta 1934 ta taƙaita yawon makiyaya a filayen gwamnati, kuma yau galibin masu kiwon tumaki a yankin 'yan Peru ne. Amma jikokin Bask ba su sassare dogon teburin ba, sai ma suka buɗe shi ga kowa.

Na manta matsayin da muka zo a gasar, amma ban manta mutanen da na ci abinci da su ba. Mai karatu, idan tafiya ta kai ka wata ƙasa, kada ka kulle kanka a ɗaki da abincin leda. Nemi inda mutanen gari ke ci tare, ka faɗi abin da addininka ya hana ka, ka zauna a ci da kai.